Tsofaffin Kafasitoci: Wacce Za Ka Ajiye, Wacce Za Ka Zubar?



Idan kana harkar haɗa amfilifaya ko gyaran rediyo a Yelwa, Birnin Yauri, Wara ko Shanga, na san ba ka rasa wani kwali ko tsohon bokitin fenti da ka cika da matattun bodi. Wasu hannun 'yan jari bola ka saye su, wasu kuma masu su ne suka kawo gyara ba su sake waiwayowa ba. Ranar da kafasita ta yanke maka, ga aiki a gabanka, ga Kano ba nan kusa ba, sai ka juye kwalin ka hau ciro. To a nan ake yin ta. Wani zai ce maka kayan da sun fi na yanzu, duk wadda ka ga an rubuta Japan a jikinta ka saka kawai. Wani ya ce duk abin da ya wuce shekara 20 gawa ne. Kowannensu rabin gaskiya ya faɗa maka. Akwai kafasitar 1968 da har gobe lafiyarta ƙalau, akwai ta 2003 da ta mutu tun ba ta cika shekara 3 ba. Abin da zai raba maka su shi ne sanin zamanin da aka yi kowacce da abin da aka sa a cikinta, domin kowane zamani da irin cutarsa.

Asalin abin kwalba ce. A tsakanin 1745 da 1746 wani Bajamushe, von Kleist, da wani malamin jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, Musschenbroek, kowa ya gano daban cewa kwalba mai ruwa a ciki, in an riƙe ta a hannu, tana iya ajiye wutar lantarki. Ruwan gefe ɗaya ne, hannun mutum ɗaya gefen, gilashin kuma shi ne katangar da ta raba su. Har yau kafasita ba ta wuce haka ba: faranti biyu da wuta ke bi, da katanga a tsakani wadda wuta ba ta ƙetarewa. Duk tarihin da zan ba ka labarin canza wannan katanga ne, daga gilashi zuwa takarda, zuwa tsatsar alminiyam, zuwa leda. Tsohon sunanta kondensa, kuma shi ne har yanzu a bakin makanikai da masu gyaran fanka.

Mu fara da zamanin takarda. Lokacin da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna kuma ya biyo baya a 1962, rediyo ba kayan kowa ba ne. Sai gidan sarauta, ko babban ma'aikacin En'e, ko attajiri. Irin manyan akwatunan nan ne na Philips, Pye ko Grundig, masu kwalabe a ciki, waɗanda sai sun ɗumama kafin su yi magana. In ka buɗe cikinsu za ka tarar da wasu kafasitoci kamar guntun kyandir, ruwan ƙasa, masu danƙo a hannu. Takarda ce aka naɗe tsakanin fallayen ƙarfe biyu aka jiƙa da kakin zuma ko mai. Takarda kuwa ka san halinta, tana shan laima. A Ingila ma sun lalace, balle a bakin Kwara inda damina ke barin komai da danshi. Idan ta sha laima sai katangar ta fara yoyo, wuta ta riƙa silalewa ta inda bai kamata ba.

Ga inda haɗarin yake. A rediyo ko amfilifaya mai kwalabe, akwai wata 'yar kafasita da ke miƙa sauti zuwa kwalbar ƙarshe, a lokaci guda tana tare wutar da kan kai bolt 200 ko fiye. Da zarar ta fara yoyo, kwalbar ƙarshe za ta riƙa jan wuta fiye da ƙima, cikinta ya yi ja, daga nan tiransifomar sifika ta ƙone. Kafasitar naira kaɗan ta ci maka abin da ba za ka same shi a ko'ina cikin ƙasar nan ba. Kuma mitarka ta yau da kullum ba za ta nuna maka wannan yoyon ba, saboda da 'yar wutar batir take awo. Don haka hukuncin 'yan takarda ɗaya ne: a cire, a sa ta leda mai bolt 630. Za ka ga a intanet Turawa masu kaɗa jita suna sayen wasu baƙaƙe masu zanen launi kamar jikin zuma, na kamfanin Sprague, da tsada mai ban mamaki, wai sautinsu daban ne. Su ma takarda ce a ciki, kuma yawancinsu yoyo suke. In ka ci karo da su ka sayar wa mai so, amma kar ka ɗora aikin mutane a kansu.

Wani abu kuma game da wancan zamani, wannan maganar lafiya ce. Tsofaffin kafasitoci masu jikin gwangwani da aka cika da mai, irin na tsofaffin fitilun fuloresan da injina, da yawa daga waɗanda aka yi kafin 1980 man cikinsu guba ne da ake kira PCB. Amurka ta hana yin sa a 1979, yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kuma ta sa shi cikin gubobin da duniya ta amince a kawar. Kar ka fasa su, kar ka ƙona su don neman jan ƙarfe, kar kuma ka jefa su ruwa. Ba ya narkewa, taruwa yake a jikin kifi, mu kuwa ka san da me ake miya a nan.

Sai aka zo zamanin da ya canza ƙasar Yauri gaba ɗaya. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, ruwa ya taru ya zama tafki a 1968, mutum wajen 44,000 suka tashi daga matsugunansu. Tsohuwar Busa ta nutse, Gungawa suka bar tsibiran kakanninsu suka koma sababbin ƙauyuka a gaɓa. An kafa injina 8 masu ba da megawat 760, manyan wayoyi suka miƙa har Birnin Kebbi, a 1972 kuma aka haɗe hukumar madatsun ruwa da ta lantarki aka samu NEPA. Sai dai rediyon da ya shiga tungayen masunta da gidajen manoman albasa bai jira wutar Kainji ba. Da batir ya shigo. An ƙirƙiro transisto a 1947, rediyon transisto na farko ya shiga kasuwa a 1954, Japanawa suka karɓi abin suka cika duniya da shi. Philips ya fito da kaset a 1963. Da kuɗin Udoji suka faɗo hannun ma'aikata a 1975, ga kuɗin mai na yawo, sai National, Sanyo, Sharp da JVC suka zama kayan ɗakin amarya, muryar Shata da ta masu wa'azi ta game kasuwanni da tashoshin jirgin ruwa. Mafi yawan bodin da ke cikin kwalinka masu daraja daga wannan zamani suka fito, tsakanin 1970 da 1990, kuma a nan ne aikin tantancewa yake da wuya, domin mai kyau da marar kyau a bodi ɗaya suke zaune.

Waɗannan masu kamar ƙaramin gwangwani, masu ƙafar + da ta −, su ne kafasitoci masu ruwa. Dabarar tsohuwa ce, wani ɗan ƙasar Folan, Karol Pollak, ya yi mata rajista a 1896, Samuel Ruben na Amurka ya gyara ta a 1925. Katangarsu wata tsatsa ce da ake tsirar da ita a jikin fallen alminiyam, siririya ƙwarai har ido ba ya ganinta, shi ya sa ƙaramin gwangwani ke iya ɗaukar 1000uF. Ɗaya farantin kuma ruwan sinadari ne da aka jiƙa takarda da shi, aka toshe gindin da roba. Ka ga ke nan abu ne mai rai da ajali. Ruwan yana tsanewa a hankali ta jikin robar, zafi kuma shi ke hanzarta shi.

Masu yin su suna da lissafi: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwarta biyu, duk ragin digiri 10 yana ninka ta. Ɗauki wadda aka rubuta wa 85°C, da aka yi wa alƙawarin awa 2,000 a wannan zafin. In tana aiki a digiri 45, za ta kai awa 32,000. In cikin akwatin ya kai 55, ta dawo 16,000, wato ƙasa da shekara 2 in ba a kashewa. Yanzu ka tuna Yelwa a watan Afrilu, inuwa ma ta haura 40, ga shago mai rufin kwano, ga amfilifaya an kifa mata zane saboda ƙura. Wadda aka rubuta wa 105°C mai awa 2,000, a wancan digiri 55 ɗin za ta kai awa 64,000. Wannan bambancin shi ne dalilin da zai sa in kana sayen sabuwa ka ƙara 'yan nairori ka ɗauki mai 105. Lissafin kuma yana gaya maka inda za ka fara zargi a tsohon bodi: ƙananan nan na 1uF zuwa 100uF, ruwansu kaɗan ne, su ke fara bushewa, musamman waɗanda suka jingina da ƙarfen sanyaya transisto ko babban rasisto. Manya-manyan na wajen tiransifoma sau da yawa suna kai labari. Rediyon da ya yi rayuwarsa a kan batir, ba zafi a cikinsa, za ka iya samun Matsushita ko Elna ko Nichicon na 1980 suna nan daram.

Amma dukiyar gaske a bodin wancan zamani ba masu ruwa ba ne. 'Yan leda ne. Korayen nan masu sheƙi kamar alewa, da masu ruwan ɗorawa na Philips, da masu zanen launuka jere a jikinsu, da fararen nan masu kamar gilashi da kake hango azurfa a ciki. Ba ruwan da zai bushe, ba takardar da za ta sha laima. In jikinta bai tsage ba, ƙafarta ba ta yi tsatsa ba, cire ta ka adana, za ta yi maka aiki a sashen bes da tirebul fiye da yawancin abin da ake sayarwa a leda ɗari-ɗari. Masu kamar gilashin dai ba sa son zafi, in ka daɗe da ayan a ƙafarsu narkewa suke, ka yi sauri. Na cikin sashen kamo tasha kuwa, ƙananan faifan yumɓu da 'yan maika, in rediyon kake son tayarwa kar ka taɓa su ko kaɗan, da su aka daidaita shi tun daga masana'anta.

Akwai 'yan tantalam, masu kamar ɗigon fenti, shuɗi ko rawaya. Ba sa bushewa, sai dai in za su mutu haɗe wuta suke yi, wani lokaci har da tartsatsi. Ni dai ba na sa tsohuwarsu a layin wuta.

Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 aka shiga yayin ƙanƙanta komai. Aka fito da ƙananan masu ruwa farare da ake liƙawa a saman bodi ba tare da huji ba, a kyamarorin bidiyo, rediyon mota da ƙananan rikoda. Da yawansu sun zubar da ruwansu ya cinye layukan bodin. Gane su ba wuya: ɗora ayan a ƙafar, in ka ji warin kifi ya taso, ta zube. Mu 'yan bakin ruwa ba sai an koya mana wannan warin ba.

Sai babbar annoba. Tsakanin 1999 da wajen 2007, miliyoyin kafasitoci da wasu kamfanonin Taiwan suka yi sun riƙa kumbura suna fashewa tun suna sababbi. Labarin da mujallun fasaha suka buga a 2002 da 2003 shi ne, an kwafi sirrin haɗa ruwan daga wani kamfanin Japan, amma kwafin bai cika ba, an bar sinadarin da ke hana ruwan cin alminiyam. Sai iskar haidurojin ta riƙa taruwa a ciki har kan ya tashi kamar burodi. Manyan kamfanonin kwamfuta sun yi asarar maƙudan kuɗi wajen canza wa mutane bodi. To duba shekarun da kyau. Su ne shekarun da VCD da DVD suka maye gurbin kaset ɗin bidiyo, finafinan Kano suka cika gidajen kallo, kwamfutocin gwanjo suka riƙa shigowa ta Legas da Kwatano. Wato da yawa daga bodin da ke hannun 'yan jari bola, waɗanda kuma suka fi kama da sababbi a ido, su ne na zamanin annobar. Saurayi mai koyon aiki zai tsallake bodin National mai ƙura ya ɗauki na DVD mai ƙyalli, alhali ya bar mai lafiya ya ɗauki majinyaci. In ka ga mai ruwa daga bodin waɗannan shekaru, sunan kamfanin kuma ba ka san shi ba, ko ba ta kumbura ba ka bar ta. Wasu bushewa suke ba tare da sun nuna komai ba.

Bayan annoba kuma sai jabu. Ana buga sunan Rubycon ko Nichicon a rigar da ba tasu ba, har akan samu babban gwangwani da aka ɓoye ƙarama a cikinsa. In 10,000uF mai bolt 63 ta yi maka sakayau a hannu, ko ka girgiza ka ji motsi, ka san sauran. Dubi kuma tsagar da ke kanta, wadda aka yi don ta buɗe in iska ta taru: ta Rubycon kamar harafin K take, ta Panasonic kamar T. Suna ya ce abu kaza, tsaga ta ce wani abu daban, to akwai magana.

Yanzu ta yaya za ka san shekarar abin da ke hannunka? Sau da yawa akwai lamba huɗu a jikin manyan kafasitoci ko a kan IC ɗin da ke bodin: 7832 na nufin mako na 32 a 1978. Rubutun ma yana tona shekaru. MFD tsohon salon rubuta uF ne, kuma 30, 50 ko 500 lambobin da ne, yau 33, 47 da 470 ake yi, za ka iya musanya su ba fargaba. A 'yan leda, 104 na nufin 0.1uF, 473 kuma 0.047uF, harafin J kuskuren kashi 5 cikin 100, K kashi 10. Bolt kuwa kullum daidai ko sama, ban da ƙasa.

Kafin hannunka ya taɓa komai, sauke wutar da ke ciki. Ba da sukundireba ba, malam, wannan tartsatsin yana lahanta kafasitar, yana iya kashe maka ido. Sa rasisto na 1k mai wat 5 a ƙafafun na 'yan daƙiƙoƙi, ka auna ka tabbatar. A kayan kwalabe, inda wuta ke kai bolt 300 zuwa 450, ka yi amfani da 47k ka ƙara haƙuri, domin wannan wutar tana kisa ko an zare soket. Sannan ka duba da ido: kai ya kumbura, robar gindi ta turo, riga ta tattare ta bar kafaɗa a waje, ƙafa ta yi kore. Kowanne ka gani, bola. Amma ka lura, wani abu mai ruwan ƙasa da kan taru a gindin manyan kafasitocin Japan ba yoyo ba ne, gam ne da masana'anta ta sa. Shi ma in ya tsufa ya yi baƙi yana cin ƙafafun kaya har ya riƙa ɗaukar wuta, sai ka kankare shi tas.

Awo na uF kaɗai yana yaudara. Mai ruwa an yarda ta kauce da kashi 20 cikin 100, to amma in 1000uF ta nuna maka 1500, kar ka yi murna wai ta fi ƙarfi, alamar katangarta ta sirance ce tana yoyo. Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne ESR, wato turjiyar da ke cikinta, wadda ke hawa yayin da ruwan ke bushewa. Ƙaramar na'urar gwajin nan mai allo da ake sayarwa da araha tana nuna shi. Lafiyayyar 1000uF ba ta cika wuce 0.1 zuwa 0.2 om ba, ƙananan 1uF zuwa 10uF kuwa om biyu ko uku ba laifi ba ne. Hanya mafi sauƙi, auna sabuwa mai lamba iri ɗaya ka gwada su. Tsohuwar ta ninka sabuwar sau uku, ta gama yayi. A kunne kuma, busasshiyar kafasitar wuta ita ce ke kawo gurnanin nan na huuum da ba ya bin bolum, ta hanyar sauti kuma bes ne ke tsanewa, murya ta koma kamar ta cikin gwangwani.

Babbar kafasita da ta yi shekaru a ajiye, ko da ESR ɗinta ya yi kyau, kar ka buga mata cikakkiyar wuta kai tsaye. Tsatsar nan da ke zaman katanga tana zaizayewa in an daɗe ba a ba ta wuta ba, amma tana sake tsirowa in an bi ta a hankali. Haɗa ta da wutar DC ta cikin rasisto na 10k, ka fara daga ƙasa kana ƙarawa har kusa da bolt ɗin da aka rubuta mata, kana auna wutar da ke faɗuwa a kan rasiston. Kowane bolt 1 a kan 10k na nufin 0.1mA ke wucewa. Ya kamata ka ga yana sauka. Ƙa'idar da yawancin masana'antu ke bi ita ce 0.01 sau uF sau bolt, a maikro'am, wato 1000uF mai bolt 50 kar ta wuce 0.5mA. Ta yi awa guda ba ta sauka ba, ko ta fara ɗumi, rabu da ita. In kuma amfilifayar ce gaba ɗaya ta daɗe a ajiye, jera ƙwan fitila mai zare na wat 60 ko 100 a layin wutarta. Ya yi haske ya dushe, alhamdu lillahi. Ya tsaya da haske, kashe ka bincika.

Ko ta ci duk jarrabawar nan, akwai wuraren da ni ba zan sa tsohuwa ba. Na farko, duk wadda ke zaune kai tsaye a kan wutar 230. Wannan gurbin na masu alamar X2 ne, kuma tsofaffin RIFA masu jiki kamar gilashi ruwan zuma, 'yan takarda ne, sun shahara da tsagewa su turnuƙe ɗaki da hayaƙi. Na biyu, sashen wutar amfilifayar masallaci ko ta mai kiɗan biki, irin su Ahuja da TOA da ke kwana suna aiki a kan janareto mai hawa da sauka. Wannan kayan jama'a ne, in ta mutu da asuba ko ana tsakiyar kamu, sunanka za a kira. Sa sabuwa mai 105°C daga hannun wanda ka yarda da shi, tsofaffin ka bar su ga gwaje-gwajenka na kan tebur.

A akwatin sifika kuwa, kafasitar da ke kare tuwita in mai ruwa ce marar + da −, mai alamar NP ko BP, kuma ta haura shekara 25, canza ta. In ba ka samu ta leda ba, kondensar fankar sama ta zamani, baƙar nan mai kusurwa huɗu, leda ce a cikinta kuma tana ɗaukar bolt 400 ko fiye. Mai 2.5uF a kan tuwita mai om 8 tana yanka sauti a wajen 8,000Hz. Haɗa biyu gefe da gefe su zama 5uF, yankan ya sauko wajen 4,000Hz, wanda ya fi dacewa da yawancin akwatunan da ake haɗawa a nan. Ka dai auna ta tukuna, domin wadda ta yi shekaru a fanka takan ragu, 2.5 ta koma 1.5, shi ya sa ma fankar ta daina gudu aka cire ta.

Sai mun haɗu a darasi na gaba, inda za mu haɗa allon gwaji mai ƙwan fitila daga farko har ƙarshe.